Yadda Ake Farautar Tsuntsaye Tare da Ɗan Jagora a Fadamun Bakin Teku da Dazuzzukan Tudu

A ƙasashen da ke fama da sanyi, irin su Amurka da Kanada da Birtaniya, farautar tsuntsaye harka ce da doka ta zagaye ta ko'ina. An ƙayyade watannin da ake yin ta, da irin bindigar da za a riƙe, a Amurka da Kanada kuma har da sa'o'in da ake harbi da yawan tsuntsayen da mutum ɗaya zai ɗauka a yini. Wannan ne ya sa baƙo da sabon shiga sukan nemi ɗan jagora, wato maharbin da ya san wurin, yana da kare da kwalekwale da izinin shiga fili, ana biyansa ya kai mutane inda tsuntsu yake. Da ɗan gari akan ci gari, babu shakka. Sai dai akwai abin da ya kamata mai niyya ya riƙe tun kafin ya biya kuɗin kafin alƙalami: ɗan jagora zai nuna maka hanya, amma yatsanka ne a kan kunamar bindiga, sunanka ne kuma a kan lasisi, kuma duk tsuntsun da ya faɗi kai za a tambaya.

Lokacin farauta da dalilinsa

Agwagin daji da dinyoyi suna ƙyanƙyasa a can arewa lokacin zafi, idan sanyi ya fara kamawa sai su gangaro kudu neman ruwan da bai daskare ba. An tsara lokacin farauta ne ya faɗo a kaka da farkon hunturu, bayan 'ya'ya sun yi fiffike, a kuma rufe shi kafin a koma saƙar sheƙa. Ba da daɗi aka koyi wannan darasi ba. A ƙarni na 19 maharban kasuwa a Amurka sun riƙa karkashe tsuntsaye ba iyaka, har wata tattabarar daji da a da garkenta kan rufe rana ta ƙare ƙaf, ta ƙarshenta ta mutu a gidan namun daji na Sinsinati a 1914. Bayan shekara biyu, a 1916, Amurka da Birtaniya a madadin Kanada suka ƙulla yarjejeniyar kare tsuntsaye masu ƙaura, Amurka kuma ta mayar da ita doka a 1918. Yarjejeniyar ta hana farautar waɗannan tsuntsaye daga 10 ga Maris zuwa 1 ga Satumba, ta kuma hana lokacin ya wuce wata uku da rabi. A yau an raba ƙasar zuwa manyan hanyoyin ƙaura huɗu, ta Atlantika da ta Misisifi da ta tsakiya da ta Fasifik, kowace jiha kuma tana zaɓar ranakunta a cikin iyakar da gwamnatin tarayya ta gindaya. Ranakun kan canza daga shekara zuwa shekara, saboda haka littafin dokokin bara ba ya amfani bana.

A Birtaniya ranakun a tsaye suke. Ana buɗe harbin agwagi da dinyoyi ranar 1 ga Satumba, a rufe shi a kan tudu ranar 31 ga Janairu, amma a gaɓar da ruwan teku ke rufewa idan ya cika yakan kai 20 ga Fabrairu. Fezan, wanda ɗan'uwan kaza ne mai dogon jela, ana harbinsa daga 1 ga Oktoba zuwa 1 ga Fabrairu, kuma a Ingila da Wels dokar 1831 ta hana harbin irinsa ranar Lahadi da ranar Kirsimeti. Idan kuwa ƙasa ta yi kusan mako biyu a daskare, hukuma kan dakatar da harbin tsuntsayen ruwa baki ɗaya, domin a irin wannan hali yunwa ta riga ta karya su.

Zaɓen ɗan jagora

Nan ne mutum ya kamata ya ɓata lokaci, domin yawancin abin da zai same shi a fili ya rataya a kan wannan zaɓi. Abu na farko shi ne takardun ɗan jagoran. Wasu wurare suna ba 'yan jagora lasisi na musamman, kamar jihar Men a Amurka wadda ta fara yi musu rajista tun 1897, kuma wanda zai ɗauki mutane a jirgin ruwa don kuɗi a ruwan bakin teku na Amurka sai da lasisin tuƙi daga hukumar tsaron gaɓar teku. Ka tambaye shi ko fili nasa ne, ko haya ya yi, ko na gwamnati ne, ka kuma nemi sanin mutum nawa za su zauna a maɓoya ɗaya, domin da zarar bindigogi sun yi yawa a wuri guda, sanin wanda ya kayar da tsuntsu yakan gagara, hatsari kuma yakan ƙaru. Ka ji abin da zai faru da kuɗinka idan iska ko hazo suka hana fita. A ganina, ɗan jagoran da ya yi maka alƙawarin cika adadinka kowace rana abin gudu ne, saboda tsuntsun daji ba a hannun kowa yake ba, mai faɗin gaskiya kuwa zai gaya maka cewa akwai ranar da ake dawowa hannu rabbana.

Akwai tambaya ɗaya mai nauyi da kunya kan hana mutane yi, ita ce ko an zuba hatsi a wurin don jawo tsuntsaye. A dokar Amurka laifi ne a harbi agwagi a inda aka watsa musu abinci, kuma ana ɗaukar wurin a matsayin haramtacce har kwana 10 bayan an kwashe hatsin gaba ɗaya. Dokar tana kama duk wanda ya sani, ko wanda ya kamata a ce ya sani. Ke nan idan gari ya waye ka ga ƙwayoyin masara a ƙasan ruwa gaban maɓoyarka, cewa ɗan jagora ne ya kawo ka ba za ta fishe ka ba, abin yi shi ne ka cire harsashi ka bar wurin. Haka kuma adadin da doka ta yanka na mutum ɗaya ne. Ba a harba wa aboki nasa, ba a kuma cike na ɗan jagora, ko da shi ne ya ce a yi.

Lasisinka kuwa kai za ka nema da kanka. A Amurka, ban da lasisin jiha, duk wanda ya kai shekara 16 kuma yake son harbin agwagi sai ya sayi kan sarki na musamman da aka fara sayarwa a 1934, wanda kusan duk kuɗinsa ke tafiya wajen sayen fadamu da adana su. Jihohi da yawa suna neman shaidar cewa mutum ya halarci horon kiyaye hatsarin bindiga. Baƙon da zai shiga wata ƙasa da bindigarsa sai ya fara neman izini da wuri, kuma sau da yawa ya fi sauƙi ya yi amfani da ta ɗan jagora inda doka ta yarda.

Bindiga da harsashi

Bindigar harbin tsuntsu ita ce mai watsa ƙananan ƙwayoyi, ana bambanta ta da lambar faɗin bututunta, kuma mai lamba 12 ita ce aka fi riƙewa a fadama, mai lamba 20 kuwa ta fi sauƙin ɗauka ga wanda zai yini yana ratsa daji. Dokar tsuntsaye masu ƙaura a Amurka ba ta yarda bindiga ta iya ɗaukar harsashi fiye da uku ba, don haka ake toshe rumbun wadda ke ɗaukar da yawa. An hana harsashin dalma wajen harbin tsuntsayen ruwa a faɗin Amurka tun 1991, a Ingila tun 1999, Tarayyar Turai kuma ta hana shi a dausayi daga Fabrairun 2023. Dalilin shi ne agwagi kan tsinci ƙwayoyin da suka nutse a laka tare da tsakuwa, ƙundunsu ya niƙa su, gubar ta kashe su a hankali. Ƙarfen da ya maye gurbin dalma bai kai ta nauyi ba, ƙarfinsa yakan mutu da wuri, shi ya sa ake ɗaukar ƙwaya mai girma, kamar lamba 2 zuwa 4 ga agwagi, ba a kuma sa shi a tsohuwar bindiga mai matsattsen baki sai maƙerin bindiga ya duba ta.

Kada mutum ya haɗa harsashin lamba 20 da na lamba 12 a aljihu ɗaya. Ƙaramin, wato na lamba 20, yakan zurma cikin bututun babbar bindiga mai lamba 12 ya maƙale, mai ita ya zaci babu komai ya ƙara wani a bayansa, bindigar ta fashe a hannunsa. Laka ko dusar ƙanƙara a bakin bindiga ma haka suke yi, don haka duk sa'ad da ka yi tuntuɓe, ka buɗe ta, ka cire harsashi, ka leƙa bututun kafin ka ci gaba. Kafin ranar tafiya, ka je filin gwaji ka harbi fayafayan yumɓu da inji ke cillawa, har hannunka ya saba da sa bakin bindiga gaba da abin da ke tashi, da ci gaba da jan ta bayan ka taɓa kunama. Ka kuma harbi faffaɗar takarda daga mita 35 ka ga yadda ƙwayoyin ke bazuwa, domin a nan za ka gane da idonka abin da ya sa nesa da haka raunata tsuntsu kawai ake yi.

Yini a fadamar bakin teku

Fadamun da suka yi suna, kamar na gaɓar Luwiziyana da na mashigin Cesafik a Amurka, ko Wash a gabashin Ingila da Kamarg a kudancin Faransa, kowannensu da halinsa, amma aikin yana farawa ne cikin duhu. Ana barin masauki tun tsakar dare ya ɗan gota, domin a isa, a jera agwagin roba a kan ruwa, a shiga maɓoya kafin alfijir. A Amurka ana fara harbi rabin sa'a kafin fitowar rana, a daina idan ta faɗi, kuma minti ɗaya kafin lokaci laifi ne. Agwagwa tana sauka ne tana fuskantar iska, shi ya sa ɗan jagora zai zaunar da ku iska tana bugun bayanku, ya bar sarari a tsakiyar agwagin roba inda yake so masu rai su nufa. Busa usur na kiran agwagi aikinsa ne, baƙo ya bar masa. Abin da ake so daga gare ka shi ne ka sunkuyar da fuska, ka daina motsi, domin hasken fuskar mutum da juyawar kansa su ne suka fi korar garke. Za ka ji shuuu na fukafukai a bisa kanka, ranka zai so ka ɗaga ido, amma sai ka jira har ɗan jagora ya ce a harba, sannan ka tashi, ka tsaya a ɓangarenka, ka zaɓi tsuntsu ɗaya tak maimakon ka harba cikin taro.

Kafin harbin akwai ganewa, kuma ita ce ta fi wuya. Adadin agwagi a yawancin Amurka shida ne a yini, amma a cikin shidan an sake ƙayyade nawa za su kasance daga kowane iri, har da bambanta mace da namiji a irin malad, wanda namijinsa ke da koren kai. A farkon lokaci mazan ba su gama sake gashi ba, sun yi kama da matan, ga kuma ƙarancin haske. Masana suna gane su ta siffar jiki da saurin bugun fiffike da kuka: til ƙarama ce mai saurin juyi, fintel tana da siririn wuya da tsinin jela. Tsuntsayen da doka ta kare kuma suna yawo a fadama ɗaya da waɗanda aka halatta. Idan ba ka tabbatar da abin da ke gabanka ba, ka bar shi ya wuce, ko da na kusa da kai ya harba.

Abin da ya fi bindiga kisa a bakin teku shi ne ruwan kansa. A yawancin gaɓoɓi teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu a cikin kimanin sa'a 24 da minti 50, wato lokacin cikar yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana, kuma cikar ta fi girma a kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa. Ruwan ba ya hauhawa daidai wa daida, domin kusan rabinsa yana shigowa ne a sa'a ta uku da ta huɗu, a daidai lokacin da mutum ya saki jiki yana ganin da saura. Ba kuma ta gabanka kaɗai yake zuwa ba. Yakan fara bin kwazazzabai da ƙoramun da ke bayanka, sai ka waiwaya ka tarar ramin da ka tsallake da taki ɗaya da asuba ya zama kogi. A Fabrairun 2004 mutum fiye da 20 masu tsintar ƙumban teku sun halaka a mashigin Mokam na Ingila ta wannan hanya. Saboda haka, ko da kana tare da ƙwararre, ka duba jadawalin cikar teku da kanka, ka san sa'ar da dole ku juyo, ka tuna cewa iska mai ƙarfi daga teku kan sa ruwa ya zarce abin da jadawalin ya nuna. Ka riƙe kamfas da tocila da usur na neman taimako, domin hazo yana iya rufe gaɓa cikin 'yan mintoci. Ka taka inda ɗan jagora ya taka, kana gwada laka da sanda, idan kuma ƙafarka ta kafe kada ka yi ta kokawa, ka cire harsashi, ka kwantar da jikinka don nauyinka ya bazu, ka zare ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

Sanyi shi ne abokin ruwa a wannan ɓarna. Ranar 11 ga Nuwamban 1940 gari ya waye da ɗumi a yankin kogin Misisifi na arewa, maharba suka fita da tufafi marasa kauri, kafin dare guguwar ƙanƙara ta rufe su, da yawa ba su dawo ba. A sa tufafin ulu ko na zaren roba hawa-hawa, a guji auduga domin idan ta jiƙe ba ta riƙe ɗumi. Dogon wandon roba mai haɗe da takalmi a ɗaure shi da bel a ƙugu don kada ya cika da ruwa idan an faɗi, rigar ceto kuma a sa ta a jiki muddin ana cikin kwalekwale, bindigogi kuwa babu harsashi a cikinsu har sai an zauna.

Idan tsuntsu ya faɗi, ka kafa masa ido ka riƙe alamar wurin, ka sauke bindiga kafin a saki kare. Karen ɗauko, wanda galibi Labrado ne, umarnin mai shi kaɗai yake bi, bai kamata baƙo ya riƙa yi masa tsawa ko kira ba. Tsuntsun da ya ji rauni shi ake fara bi kafin matacce, a kuma gaggauta ƙarasa shi, kada a bar shi yana wahala. Dokar Amurka ta wajabta yin bakin ƙoƙari wajen ɗauko duk wanda aka kayar, a kuma lissafa shi cikin adadi.

Yini a dajin tudu

A daji al'amarin ya juya, domin a nan kai ne mai zuwa wurin tsuntsu. A jihohin Men da Mishigan da Minesota, watan Oktoba shi ne lokacin giraus, wata makwarwar daji mai tashi da ƙarar fiffike kamar tsawa, da kuma wudkok, ɗan guntun tsuntsu mai dogon baki da ke caccakar ƙasa yana cin tana. Dukansu ba sa son tsohon daji mai manyan itatuwa, sun fi zama a sabon toho mai sarƙaƙiya inda aka sare itace shekarun baya, wudkok kuma yana bin ƙasa mai danshi a gefen rafi. Ɗan jagora zai nuna maka farin kashinsa a kan busassun ganye kamar an ɗiga farar ƙasa, da 'yan ramukan da bakinsa ya huda, alamar cewa yana kusa. Adadinsa a Amurka uku ne a yini. A Birtaniya maharba da yawa sukan ƙi harbinsa kafin 1 ga Disamba, duk da doka ta buɗe tun kafin nan, don su tsirar da waɗanda ke hayayyafa a ƙasar har baƙin da ke zuwa daga arewacin Turai da Rasha su iso, kuma wannan hali ne da ya cancanci koyi.

Karen nuni yakan tafi gaba da ƙararrawa a wuya, kuna jin ta tana kaɗawa cikin kurmi. Da zarar ta yi shiru, kare ya sami tsuntsu, ya sandare, hancinsa a miƙe. Sai ku nufe shi ta gefe, ba ta bayansa ba, bakin bindiga a sama, makullinta a rufe har sai ta hau kafaɗa. Tsuntsun zai tashi ya ɓace cikin rassa a daƙiƙa biyu ko uku, kuma wannan gaggawa ce ke haddasa yawancin hatsarin daji. Kada ka harbi wanda ya tashi ƙasa-ƙasa, ka jira sai ka ga sararin sama a ƙarƙashinsa, domin kare da mutane a ƙasa suke. Ku yi tafiya a jere kafaɗa da kafaɗa, kowa ya san ɓangarensa, kuna magana da juna a kai a kai, idan kuma abokinka ya ɓace maka da gani, to babu harbi har sai ka ji muryarsa. Hula da riga masu ruwan lemo mai ƙyalli wajibi ne a jihohi da yawa, tabarau kuma yana kare ido daga ƙaya da ƙwayar harsashin da ta kauce. Da yamma a duba jiki da na kare saboda kaska, wadda a waɗannan dazuzzuka take ɗauke da cutar Laim.

Bayan an dawo

Tsuntsun da aka cusa a jaka da ɗuminsa yakan lalace da wuri, don haka a rataye shi ya sha iska, a cire kayan ciki da zarar an sami hali, a sa shi a sanyi. Saboda murar tsuntsaye, a sa safar hannu wajen fiɗa, a wanke wuƙa da hannu, kada a taɓa wanda aka tsinta a mace ko wanda ke nuna alamar ciwo, a kuma dafa naman har cikinsa ya kai digiri 74 a ma'aunin Salsiyos. A Amurka dole a bar fiffike ɗaya da gashinsa, ko kai, a jikin agwagwa har a kai ta gida, don jami'i ya iya gane irinta, idan kuma za ka bar tsuntsayenka a hannun ɗan jagora ya gyara maka, sai an liƙa musu takarda mai sunanka da adireshinka da sa hannunka da adadinsu da ranar da aka harbe su. Wanda ya tarar da zoben ƙarfe a ƙafar tsuntsu ya aika da lambar ga hukumar da ta sa shi, domin da waɗannan lambobi ake gane hanyoyin ƙaura da yawan waɗanda ke rayuwa, a kuma tsara adadin baɗi. Bindigar da ta shiga fadamar gishiri kuwa a kwance ta a daren nan, a goge ta, a shafa mata mai, in ba haka ba tsatsa za ta kama ta kafin gari ya waye.